Marigayi Teslim Balogun, Aradun Da Ya Yi Wa Najeriya Wasa Tun Ba Ta San Takalmi Ba

Duk ɗan Sharada da neman abinci ya kai shi Legas, in dai ya taɓa bi ta unguwar Surulere, to ya ga wasu filayen wasa guda biyu suna kallon juna, titi ne kawai ya raba su. Ɗaya shi ne babban filin wasa na ƙasa da aka buɗe a 1972, ɗayan kuwa na gwamnatin jihar Legas ne, mai cin mutum sama da 24,000, wanda aka aza harsashinsa a 1984 amma bai kammalu ba sai a 2007. Sunan da ke rubuce a goshin wannan fili na biyu shi ne Teslim Balogun. Da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka sunan wani gwamna ne ko wani attajiri. Alhali kuwa sunan ɗan ƙwallo ne, ma'aikacin kamfani, wanda ya ɗauki nauyin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Najeriya a kafaɗarsa a zamanin da ba ta da wata kima a idon duniya, zamanin da maƙwabta ke yi mata ruwan ƙwallaye ba tare da kowa ya yi mamaki ba.

Mai karatu na iya tambaya, me ya kawo tarihin Bayarabe cikin mujallar mutanen Sharada? Dalili shi ne, hanyar da wannan bawan Allah ya bi har ya zama abin da ya zama hanya ce da duk wanda ya tashi a gindin katangar masana'anta ya kamata ya gane ta, domin kuwa daga wurin aiki ta faro, ba daga ofishin gwamnati mai kula da wasanni ba.

Cikakken sunansa Tesilimi Olawale Ayinde Balogun. Tesilimi shi ne Taslimu a bakinmu. Ya yi karatunsa a Fatakwal, a wata makarantar mishan ta Katolika mai suna St. Mary's, daga nan ya shiga harkar tamaula a Legas a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dogon mutum ne mai ƙafar baka, kuma ƙarfin bugunsa ne ya sa 'yan kallo suka laƙaba masa Thunder, wato tsawa ko aradu, wanda harshen Bahaushe ya sassauta shi ya koma Tanda. Wasu kuma suna kiransa Balinga.

In aka jera ƙungiyoyin da ya yi wa wasa, sai ka ce jerin ma'aikatu da kantunan zamanin Turawa ake karantawa. Ya buga wa Apapa Bombers, ya buga wa Marine, wato ƙungiyar ma'aikatar jiragen ruwa, ya buga wa kamfanin UAC, da ma'aikatar jirgin ƙasa ta Reluwe, da bankin Pan, da Dynamos, da kamfanin Faransawa na SCOA. Haka tsarin yake a wancan lokaci. Babu wanda ke cin abinci da ƙwallo zalla. Ma'aikata ce za ta hango yaro mai ƙafa, ta ɗauke shi aikin akawu ko kanikanci ko wani abu makamancin haka, ta ba shi albashi a ƙarshen wata, ta ba shi riga da fili, da la'asar in an tashi aiki ya fita atisaye. Manajoji suna gasa da juna a kan 'yan wasa kamar yadda suke gasa a kan ciniki, wannan ya sa fitaccen ɗan wasa irin Balogun bai cika daɗewa a wuri guda ba.

Gasar da ake auna kowa da ita ita ce ta Kofin Gwamna, wadda aka fara a 1945 da kofin da Gwamna Arthur Richards ya bayar, daga baya aka sauya mata suna ta koma Kofin Ƙalubale. Dubi waɗanda suka ɗauki kofin a shekarun farko: Marine a 1945 da 1947, Reluwe a 1946 da 1948 da 1949 da 1951, UAC a 1950, bankin Pan a 1952. Babu ko ɗaya a cikinsu da ba ƙungiyar wurin aiki ba. Balogun ya buga wasan ƙarshe na wannan gasa sau bakwai, ya ɗaga kofin sau biyar, kuma shi ne mutum na farko da ya zura ƙwallo uku shi kaɗai a wasan ƙarshe, a ranar da bankin Pan ya zazzaga wa Warri ƙwallo shida a 1952.

Tafiyar 1949

A shekarar 1949 ne aka fara haɗa abin da za a iya kira ƙungiyar ƙasa. Hukumar ƙwallo, wadda a lokacin wani Bature mai suna Kyaftin Donald Holley ke shugabanta, ta zaɓi 'yan wasa 18 domin su je rangadi Ingila. Mafi yawansu daga Reluwe da Marine da UAC suka fito. Kyaftin ɗinsu shi ne Etim Henshaw na Marine, mai tsaron gida Sam Ibiam daga Fatakwal, sai Dan Anyiam wanda filin wasan Owerri ke ɗauke da sunansa, da Titus Okere, da Isaac Akioye, da Balogun wanda a lokacin yana Reluwe. Akwai kuma sunaye biyu da kunnen ɗan Arewa zai tsaya a kansu, wato Isiyaku Shittu da John Dankaro, wanda ɗan'uwansa Sunday Dankaro ya zo ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙasa a shekarun 1970.

Sun bar Legas a watan Agusta cikin jirgin ruwa mai suna Apapa, suka yi kusan mako biyu a kan teku, atisayensu bai wuce zagaye saman jirgin da gudu ba. Da suka sauka a Liverpool aka damƙa su a hannun Jack Finch, tsohon ɗan wasan Fulham, domin ya horar da su. Abin da ya fi ɗaukar hankalin Turawa shi ne ƙafafunsu, domin akasarinsu ba takalmi suka shiga fili, sai ɗan bandeji da suka naɗe idon sawu da tafin ƙafa da shi. A haka suka doke ƙungiyar Marine ta Crosby da ci 5 da 2 a wasansu na farko, gaban mutum wajen 6,000.

Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya yadda take, domin masu ba da labarin wannan tafiya sukan ƙara mata gishiri. Ba da Arsenal ko Manchester United suka kara ba. Ƙananan ƙungiyoyi ne na masu yin wasa don nishaɗi, irin su Bishop Auckland da Leytonstone da Dulwich Hamlet. Cikin wasa tara, biyu kawai suka ci, suka yi kunnen doki a biyu, aka doke su a biyar. Ranar da suka gamu da zaɓaɓɓun gasar Athenian, ƙwallo takwas aka zura masu ba ko ɗaya. Ƙafar da ta saba da busasshiyar ƙasa ba ta da ta cewa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawar Ingila, santsi ne ke kwasar mutum tun kafin abokin karawa ya iso. Wasansu na ƙarshe da South Liverpool, wanda aka tashi 2 da 2, cikin dare aka yi shi ƙarƙashin fitilun lantarki gaban mutum kusan 13,000, abin da ko a can Ingila baƙon abu ne a lokacin.

A hanyarsu ta dawowa jirgin ya yada zango a Freetown, inda a ranar 8 ga Oktoba, 1949 suka doke Saliyo da ci biyu da nema. Wannan shi ne wasan farko da Najeriya ta yi da wata ƙasa, kuma daga nan ake fara lissafin tarihin ƙungiyar.

Arewa ta shigo fili

Bayan dawowarsa daga wannan tafiya Balogun ya yi abin da ba a saba gani ba ga ɗan wasan Legas mai tashe, ya haura Arewa ya zauna a Jos, garin kuza. A 1951 ƙungiyar Jos ta kai wasan ƙarshe na Kofin Gwamna yana cikinta, ta gamu da tsohuwar ƙungiyarsa ta Reluwe, aka doke Jos da ci 3 da 2. Daga nan Jos ta shiga wata doguwar rashin sa'a, tana zuwa wasan ƙarshe ana korar ta, shekara bayan shekara, har zamanin Mighty Jets, ba ta ga kofin ba sai a 1999 ta hannun Plateau United.

Abin da Jos ta kasa, Kano ce ta yi shi. A 1953, zamanin dalar gyaɗa, zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka je har Legas suka doke Dynamos da ci 2 da 1. Wannan ne karo na farko da kofin ya bar Legas, kuma ba Badun ya nufa ba, ba Fatakwal ba, Kano ya zo. Ba kuma katari ba ne, domin Kano ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 1954 inda Kalaba ta yi nasara da 4 da 3, ta kuma komawa a 1955 inda Fatakwal ta ɗauka. Shekara uku a jere Kano na wasan ƙarshe. Abin takaici ne a ce yaranmu sun haddace sunayen 'yan benci na Chelsea da Barcelona, amma ba su taɓa jin wannan ba.

Ita kuwa ƙungiyar ƙasa, wadda ake kira Red Devils saboda jajayen rigunanta, tafiyar hawainiya take yi. Babbar abokiyar hamayyarta ita ce Gold Coast, wato Ghana ta yau, kuma kusan kowace shekara suna karawa a kan wani kofi mai suna Jalco, wanda shi ma wani kamfanin sayar da motoci ne ya bayar. Najeriya ta ci 5 da nema a Legas a 1951, amma a 1955 aka yi mata 7 da nema a Accra, kayen da har yau ba ta taɓa shan irinsa ba. A ƙarshen 1959 ta lallasa Dahomey da 10 da 1, ba a yi wata guda ba Masar ta zo har Legas ta yi mata 6 da 2 a wasan neman gurbin Olamfik. Da ta je gasar cin kofin Afirka a karon farko a Ghana a 1963, Masar ta yi mata 6 da 3, Sudan ta yi mata 4 da nema, ta tattara ta dawo gida. A wancan zamani hukumar FIFA ba ta fara fitar da jerin matsayin ƙasashe ba, sai a farkon shekarun 1990 ta ɓullo da shi, amma da akwai shi, da can ƙasa za a leƙa a nemo Najeriya. Masu yi wa Mena ta Nijar dariya saboda ta sha kashi a dukkan wasanninta uku da ta fara zuwa kofin Afirka a 2012, su tuna cewa Mena biyar aka zura mata a wasa uku, mu kuwa goma muka sha a wasa biyu.

Zaman Ingila

A watan Agustan 1955 Balogun ya koma Ingila, wannan karon shi kaɗai, ya sa hannu da Peterborough United, wadda a lokacin ba ta ma shiga babbar gasar ƙasar ba. Ba shi ne ɗan Najeriya na farko ba, abokin tafiyarsa Titus Okere ya riga shi zuwa Swindon Town a 1953. Zaman Peterborough bai yi armashi ba. Ya gangara Skegness Town, wata ƙaramar ƙungiya a bakin teku, kafin Queens Park Rangers ta Landan ta ɗauke shi a kakar 1956 zuwa 1957, lokacin tana rukuni na uku. Ya buga mata wasan gasa 13, ya ci ƙwallo uku, daga nan ya ƙare a Holbeach United.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da idon yau zai ce ai ba wani abin a zo a gani. Amma a yi masa adalci. Mutum ne da ya riga ya ci rabin ƙarfinsa a filayen ƙasa, ya koyi sa takalmi da girmansa, ya je ya tarar da sanyi da taɓo da ƙwallon fata mai shan ruwa ta yi nauyi kamar dutse, a ƙasar da baƙar fata a fili abin nunawa ne da yatsa. Kuma bai dawo hannu rabbana ba. Ya yi amfani da zamansa ya koyi aikin horarwa har ya sami takardar shaida, abin da ya sa ake lissafa shi a matsayin ɗan Afirka na farko da ya zama ƙwararren koci mai takarda. A ganina wannan ya fi ƙwallaye ukun nan daraja nesa ba kusa ba.

A ƙarshen shekarun 1950 ya dawo gida ya zauna a Badun, ya zama kocin Jihar Yamma, yana yawo makarantu da garuruwa yana tsinto yara. Ya kuma ci gaba da saka rigar ƙasa, wadda ya yi wa hidima kimanin shekara 12. A waɗannan shekaru ne Badun ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1959 da 1961. Wadda ta raba ta da shi a tsakani, a 1960, ita ce ECN, ƙungiyar hukumar wutar lantarki da daga baya ta zama NEPA. Mutumin Sharada da ya ga yadda rashin wuta ya durƙusar da masana'antun unguwarsa yana da damar yin murmushin takaici in ya ji cewa akwai lokacin da hukumar lantarki ke da sukunin riƙe zakarun ƙwallon ƙasa.

A 1968 Najeriya ta sami zuwa gasar Olamfik a Meziko, Balogun na cikin masu horar da ƙungiyar, wadda a lokacin ta riga ta koma Green Eagles. Japan ta doke ta da 3 da 1, inda Kunishige Kamamoto ya ci duka ukun, ɗayar tamu kuwa Sam Garba Okoye ne, yaron Jos, ya ci ta. Sifaniya ta yi mata 3 da nema. Sai wasan ƙarshe da Brazil, wanda aka tafi hutun rabin lokaci Najeriya na da uku, Brazil na nema, Kenneth Olayombo ya ci biyu, Peter Anieke ya ci ɗaya. Bayan an dawo Brazil ta farke duka, aka tashi 3 da 3. Duk wannan ana tsakiyar yaƙin basasa a gida.

Tatsuniyoyi sun taru a kan sunansa kamar yadda sukan taru a kan duk wanda mutane suka ji labarinsa a rediyo ba su gan shi da ido ba. An ce bugunsa ya taɓa fasa cikin mai tsaron gida ƙwallon ta fita ta baya. An ce gwamnati ta hana shi bugu da ƙafar hagu. A wasu majalisun ma shi ake ba ƙwallo ɗayar nan a shahararren labarin da Indiya ta ci Najeriya 99, ƙwallo na rikiɗa ta zama zaki. Babu yaron da ya tashi a Kano bai ji wannan a bakin yayyensa ba, kuma babu ɗaya daga ciki da ya faru. Abin da ya faru na gaskiya ya ishe shi.

Tsarin da ya haifi Balogun bai tsaya a Legas ba, kuma bai mutu da tafiyar Turawa ba. A nan Kano, Raccah Rovers da ta ci gasar ƙasa a 1978 sunan gidan 'yan kasuwar gyaɗa take ɗauke da shi, kuma ita ce ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna a wannan shekara, ranar da Pele ya taka leda a Arewa. Ita kanta Kano Pillars, Sai Masu Gida, da aka kafa a 1990, haɗa ƙungiyoyi uku aka yi aka same ta, biyu daga cikinsu na wurin aiki ne, wato ta hukumar ruwa ta WRECA da ta Bankin Arewa, ta ukun ita ce Golden Stars. Daga wannan tushe ta zo ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma dawo wa Kano da kofin nan na 1953 a 2019, bayan shekara 66. A Kaduna, Ranchers Bees da ta fito da Daniel Amokachi asalinta ƙungiyar masana'antar ƙera makamai ce ta DIC. A Nijar har yanzu manyan ƙungiyoyin gasarsu na kwastan ne da soja da 'yan sanda da kamfanin mai da na lantarki.

A nan ne maganar ta zo gida. Bompai da Sharada da Challawa sun tara masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na alewa da na man gyaɗa, dubban matasa na shiga da safe suna fita da yamma. Tun daga shekarun 1990 rashin wuta da kwararowar kayan waje suka rufe da yawa daga cikinsu, waɗanda suka rage kuma ta kansu suke yi. Yara ba su daina buga ƙwallo ba, duk wanda ya bi ta Sharada da la'asar zai gan su a kowane kangon fili da gini bai riga ya cinye ba, da dutse biyu a matsayin raga, wasu ba takalmi kamar mutanen 1949. Bambancin shi ne su Balogun suna da wanda ke tsaye a bakin fili da takardar ɗaukar aiki a aljihu. Kuɗin riga da ƙwallo da motar zuwa wasa na ƙungiyar unguwa guda bai kai abin da wasu daga cikinmu mazauna Legas da Abuja da Fatakwal ke kashewa a biki ɗaya ba, kuma fili in ya riga ya zama shaguna ba ya dawowa.

Balogun ya rasu cikin barcinsa a ranar 30 ga Yuli, 1972, bai kai shekara 50 ba, ya bar 'ya'ya takwas. Wata shida bayan rasuwarsa, a Janairun 1973, Green Eagles ta doke Gini da ci biyu da nema ta karɓi lambar zinare a gasar wasannin Afirka, a sabon filin nan na Surulere. A 1980 ta ɗauki kofin Afirka a wannan fili bayan ta yi wa Aljeriya 3 da nema, a watan Afrilun 1994 kuma FIFA ta sa ta a matsayi na biyar a duniya. Wanda ya ci mata ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, a ragar Bulgeriya a watan Yunin wannan shekara, shi ne marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya faro daga ƙungiyar masaƙar UNTL. Masaƙar ta dakatar da aiki a 2007, shekarar da aka buɗe filin Teslim Balogun.